Na Je Kwatano Gano Mai Kiwon Tsutsa

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A Islamiyya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har tsofaffin abokan aikina na firamare sun yo takanas daga Gwarzo don su ji yadda Kwatano take, da kuma ko gaskiya ne yaron gidanmu tsutsa yake kiwo a can. Duk wanda na ba labarin, sai ya tafi in tuna na tsallake wani abu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ni haifaffiyar Lakwaya ce, aure ya kawo ni Kabo, a nan na yi koyarwa har na yi ritaya. Ɗana na fari, ana yaye shi mahaifiyata Inna ta ɗauke shi, a hannunta ya tashi. Kun san halinmu, mu da iyayenmu suka taso a ruga: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. In ta kama dole Ɗan Inna nake ce masa, shi kuma Adda yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ya karanta aikin gona a Kano, daga baya ya samu gurbin ƙarin karatu a wata cibiyar binciken noma da ke bayan garin Kwatano, a Jamhuriyar Benin. Shekararsa ta biyu ke nan a can.

Duk Juma'a yakan kira Inna a waya. Wata Asabar cikin damina sai ga saƙonta, wai in zo Lakwaya. Na same ta a kan tabarma, ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba.

"Yaron nan ba lafiya yake ba," in ji ta.

"Shi ya faɗa miki?"

"Ina zai faɗa? Lafiya lau yake cewa. Amma muryar ba tasa ba ce. Juma'a uku ke nan bai yi mini dariya ba. Da ƙafata tana ɗaukata da ban kira ki ba. Ki shirya, Iro zai raka ki."

Na ce, Inna, wata ƙasa ce fa, ba garin Dayi da ke nan kusa ba. Ta ce ko bangon duniya ce. Ban ja maganar ba, da na koma gida kuma na shiga neman fasfona. Malam, maigidana, ya dube ni ya ce, "Ki je kawai. Ai kin riga kin tafi, gangar jikin ce ta rage mana."

Iro ƙanena ne, dillalin shanu, yakan raka dabbobi Legas. Shekarun baya ya taɓa tsallakawa Kwatano sau ɗaya, tun daga nan ba a isa a yi zancen Faransanci a Lakwaya bai sa baki ba. Ya ce mini in kwantar da hankalina, harshen mutanen a aljihunsa yake. Fasfona na aikin Hajji bai mutu ba, muka je Kano aka yi mana katin allurar da ake nema a kan iyaka. Inna kuwa ta haɗa mana kaya kamar masu kai gara: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin masara, ƙuli-ƙuli, yaji, da man shanu cikin wata roba da ta rantse murfinta ba ya yoyo.

Babbar bas muka shiga daga Kano. Allah ya haɗa ni kujera da wata Alhaja Bayarabiya mai sayar da atamfa, haifaffiyar unguwar Ayagi a Kano, Hausarta ta fi tawa daɗi. Kafin Zariya ta san shekaruna da ciwon gwiwata. Ta ce, "Wajen wa za ki a Kwatano, Hajiya?"

Na ce, "Wajen jikan mahaifiyata."

Ta shiga lissafi da yatsu, can ta fashe da dariya har ta bugi kujerar gaba. "Wato ɗanki! Kai, ku Fulani! Ni nawa in na kwana biyu ban gan shi ba, a tsakiyar kasuwa nake rungume shi."

Ita ta koya mini zaman doguwar mota: kar in sha ruwa da yawa, in riƙa motsa yatsun ƙafa, in direba ya tsaya in fara yin alwala kafin layi ya yi tsawo. A Lakwaja ta saya mini soyayyen kifi, ta hana ni buɗe jaka. Duk da dabarunta, da muka isa Legas washegari ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Da silifas ɗin Iro na sauka, shi kuma ya sa takalmin sallarsa. Da aka sauko da kaya muka tarar robar Inna ta ci amana. Man shanu ya narke ya bi ta cikin jakar Iro, ya jiƙa babbar rigar da ya tanada don shiga Kwatano. Mun kwana a Agege, gidan wani abokin kasuwancinsa, a can ya bar rigar a wanke.

Da safe muka kama hanyar Badagiri zuwa iyakar Seme. Ni da na ɗauka iyaka wata katanga ce da ƙofa. Ashe kasuwa ce: masu canjin kuɗi, masu tura kaya, masu babura, kowa yana jan hannun rigarka. Ɓangarenmu muka wuce lafiya. A ɗaya ɓangaren aka nemi katin allura, na miƙa nawa. Iro ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, sai na ga ya tsaya cak. Katin yana aljihun rigar da ake wankewa a Agege. Aka ce ba komai, ga ɗakin allura nan, a sake yi masa. Mutumin da ke kama ƙahon bijimi da hannu ɗaya, da ya ga allura sai ya runtse ido yana salati da ƙarfi, har ma'aikaciyar ta tsaya ta gama dariyarta tukuna.

Daga nan sai wajen duba kaya, inda Faransancin Iro ya fito fili. Jami'in ya yi tambaya, Iro ya ce, "Wi." Ya sake wata, Iro ya ce, "Wi, wi." Sai muka ga an jawo takarda ana zazzage kayanmu a kan tebur. Ashe tambayarsa aka yi ko kayan sayarwa ne, ya ce e, ko akwai wasu a baya, ya ce e. Ana kwance ƙullin daddawa ofishin ya ɗauka. Wata jami'a da ke can gefe ta ɗago kai ta shaƙa, ta taso. Da Hausa ta yi magana, irin ta mutanen arewacin ƙasarsu.

"Hajiya, daddawar kalwa ce wannan?"

"Ita ce, 'yata."

"Rabona da irinta tun rasuwar kakata. Ɗaure ta, don Allah, kafin mutanen nan su gudu su bar mana aiki."

Ta yi wa abokin aikinta bayani, aka yayyaga takardar. Na ɓallo mata daddawa uku, ta ƙi, na matsa, ta karɓa ta sa a aljihun kakinta. Daga nan har muka dawo, Iro bai ƙara cewa wi ba sai ya ga leɓen mai fassara ya motsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano babura ne. 'Yan acaɓarsu duk rawayar riga suke sawa mai lamba a baya, kuma mata ma suna tuƙa nasu, da goyo, da kwando a gaba, ba mai ko waiwayarsu. Aka kifa mini hular kwano a kan hijabi, na hau a karkace ina karanta duk addu'ar da na sani. Mai babur ɗin yana ta yi mini hira, ni kuwa ba abin da nake cewa sai, "A hankali, ɗan nan."

Ɗan Inna a gidan wata mata yake haya, Maman Rozin, Kirista ce, mai sayar da soyayyen kifi a ƙofar gida. Ita muka fara tararwa. Kafin in sauke jaka ta rungume ni, ta sumbace ni a kumatu dama da hagu, ni ko na sandare kamar turmi. Tana ta zuba magana tana nuna cikinta tana nuna ni, na gane tambaya take ko ni na haife shi. Na ɗaga kai kaɗan. Sai ta ƙwala kiran sunansa, sunan da ni ban taɓa ɗaga murya da shi ba, har maƙwabta suka leƙo.

Ya fito. Jama'a, Inna ta yi gaskiya. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idanun sun faɗa, gashin kai ba gyara. Ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Adda, sannu da hanya. Ya Inna? Ya Malam? Ya yara?"

"Duk lafiya. Inna ce ta aiko ni."

Bangon gidan na kalla na faɗi haka, don in na sake dubansa ban san abin da fuskata za ta yi ba. Maman Rozin ta dube ni, ta dube shi, ta tafa hannu, ta tambaye shi wani abu. Daga baya na ji ashe cewa ta yi, "Faɗa kuka yi ne?"

Matar nan ɗakinta ta bar mini ta koma na 'yarta. Ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi ta nuna mini takardar kantin a jikinsu, don in san ba a taɓa dafa abin da ba ma ci a ciki ba. Duk asuba sai in tarar ta ajiye mini ruwan ɗumi a buta. Ba ma jin harshen juna, amma mun yi hira ta ishe mu, da hannu da gira. Abincinsu akwai wani farin tuwo mai tsami da ake naɗewa a ganye, da miyar tumatir mai yajin da ya sa ni hawaye, da wani dogon burodi mai tauri kamar sandar kiwo, wanda Iro ya ce sai dai a jiƙa wa shanu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a gaban yaron take yabonsa. Ta dafa kansa, ta nuna mini da hannu yadda ba ya cin abinci, yadda yake kwana kan littafi. A wajenmu wa zai yabi yaro yana tsaye? Na ji wani abu kamar haushi, na kuma ji daɗin akwai mai yi masa.

A yammacin da muka isa na karɓi murhunta na tuƙa tuwon masara da miyar kuka, na zuba ɗan man shanun da ya tsira. Na ba Iro ya kai ɗakin Ɗan Inna su ci tare. Daga inda na zauna ina hango bayan yaron ta labule. Malmala uku ya tashi da ita. Suna ci na ji Iro yana tambayarsa.

"Kai, wai me ya cinye ka haka? Ko aure kake so?"

"Kawu, tsutsotsina ne ke mutuwa."

Iro ya ajiye loma. "To ba abin da ake nema ke nan ba? Mu a gida kuɗi muke kashewa su mutu."

Ya yi 'yar dariya, ya ce gobe mu zo mu gani da idonmu.

Washegari ya kai mu cibiyar. Aka ba ni farar riga na ɗora kan hijabi, aka sa mana leda a takalma. Shugabarsa wata gajeriyar farfesa ce mai furfura, Madam suke ce mata, ta gaishe ni da 'yar Hausar da ta tsinta a kasuwa. Ɗakin kiwon cike yake da kantoci, kan kowanne ƙananan kofuna jere, kowane kofi da tsutsa ɗaya da guntun ganye. Kallo ɗaya na gane ta. Tsutsar masara ce, wadda ke shiga cikin kunnen shuka ta bar gari kamar na zarto, wadda ta hana mu sakat a shekarun nan. Ya ce dole a raba musu ɗaki, in an haɗa su cinye juna suke yi.

Ya ɗauko ɗaya ya ɗora a kan ƙanƙara har ta yi laƙwas, ya ɗan tsaga gefen ƙafarta, wani ɗigon ruwa kore-kore ya fito.

"Jininta ke nan, Kawu," in ji shi. Iro yake wa bayani, amma da ƙarfin da zan ji. "Ba ja ba ne, kuma ba jijiya yake bi ba, cikin jikinta kawai yake kewayawa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu yawo, aikinsu tsaron jiki. Nakan yi mata allurar bakteriya, ƙwayoyin cuta ke nan, da wata siririyar allura, sannan in riƙa ɗibar jinin lokaci-lokaci in ga abin da suke yi."

Ya ɗiga jinin a kan wani ɗan gilashi, ya sa a madubin likita, ya ce Iro ya leƙa. Iro ya leƙa da idon da ya rufe, ya ce bai ga komai ba sai duhu. Na ce ya matsa. Shekara talatin ina zana wa yara ƙwayar halitta a allo da alli, ban taɓa ganinta ba sai ran nan. Ga su nan, wasu zagaye, wasu sun baje kamar an fasa ƙwai a kasko. Ya canja wani gilashin na tsutsar da aka yi wa allura tun can baya, kafin matsala ta fara. Ya nuna mini wata ƙwaya da 'yan sanduna a cikinta.

"Waɗannan sandunan su ne bakteriyar. In kaɗan ne, ƙwaya ɗaya takan haɗiye su ta narkar. In sun yi yawa, sai ƙwayoyin su taru su manne da juna, su kewaye su, wani layi kan wani, har su zama dunƙule. Ga shi nan."

Na ga wani curi mai duhu, ƙwayoyi sun yi masa rumfa ta ko'ina.

"Me ya sa ya yi baƙi?" Sai da na tambaya na lura kai tsaye na yi masa magana.

"Su suke baƙanta shi, Adda. Wani sinadari suke saki, ya daskare a kan cutar, ya toshe ta, ya kuma kashe ta da dafinsa. Shi ya sa tsutsar da cuta ta ci ƙarfinta takan yi baƙi ƙirin kafin ta mutu. Bayan wasu sa'o'i kuma kitsen jikinta yakan zubo wasu magunguna cikin jinin su ƙarasa sauran. Ba ta da irin garkuwar da rigakafi ke gina mana. Abin da aka halicce ta da shi, da shi take kare kanta."

Na ce tsarki ya tabbata ga Allah. Abin da nake murƙushewa da ɗan yatsa, ashe shi ma ba a bar shi haka ba.

Iro ya ce to amfanin me, tunda ba asibiti za a buɗe musu ba. Ya ce akwai bakteriyar ƙasa da ke kashe tsutsar nan ba tare da ta cutar da mutum ko dabba ba, amma manyan tsutsotsi sukan sha. Yana so ya gano a wane girma ne tsaron nasu bai yi ƙwari ba, da tsawon lokacin da ƙwayoyin ke ɗauka kafin su taru, don manomi ya san ranar da zai zuba, a rage feshin guba.

Sannan ya faɗi abin da ya rame shi. Duk gwaji kashi biyu yake yi. Rabi a yi musu allurar cuta, rabi a yi musu ta ruwan gishiri zalla, don a kwatanta. Na ruwan gishirin ya kamata su rayu lafiya. Wata uku ke nan su ma suna yin sanyi, su daina ci, su mutu. In ya duba jininsu, ƙwayoyin sun ragu, kuma ba sa mannewa. Ya canja allurai, ya canja ruwa, an wanke ɗakin, an kawo sabbin ƙwai daga wani wuri, duk a banza. Muddin haka ne, ba sakamakon da za a yarda da shi. A ƙarshen damina masu ɗaukar nauyinsa za su zauna, in ba abin nunawa sai ya tattaro ya dawo.

"Na fara zaton hannuna ne ba shi da kyau, Kawu," ya ce a hankali.

Na juya na yi kamar ina karanta wata takarda a bango, alhali da Faransanci take.

Kwana biyu ina bin su cibiyar, don zaman gida ba ya yi mini. A rana ta uku muna zaune a baranda wani mutum ya kawo damin ganyen masara a babur, abincin tsutsotsin. Hannuna bai saba zama ba, na jawo kwando na shiga taya ma'aikatan tsinkewa da wankewa. Ganye ne ɗanye shar, na 'yar ƙaramar shuka, mai kyau kamar a zana. Na tsinke ɗaya, na tsinke goma, na zazzage damin duka ina juyawa. Sai na ɗaga murya.

"Iro, zo ka ga ganyen nan."

"Ya yi kyau."

"Ya cika kyau. Nemo mini huda ɗaya."

Ya duba, ya duba, bai samu ba.

"Tun daga Kabo har nan, ka ga gonar masarar da tsutsa ba ta taɓa ba a daminar nan? Ko ta bayan gidan Maman Rozin duk huji ce. Wadda ba ta da ko ɗigo, an yi mata wani abu."

Ɗan Inna yana bakin ƙofa, ya ji. Ya ce sun tambayi mai kawowa tun farko, ya rantse ba ya feshi. Na ce, har yanzu Iro nake kallo, "Tun yaushe yake kawowa?" Ya shiga ƙirgen watanni. Can ya ce wanda ya saba kawo musu ruwa ya ci gonarsa, wannan ya karɓa wajen wata uku da suka wuce. Yana faɗa ya juya da sauri ya nufi ofishin Madam.

A motar cibiyar muka je gonar, ni da Iro a baya kamar wasu manyan baƙi. Manomin dattijo ne mai fara'a, ya dafa ƙirji ya sake rantsuwa bai taɓa feshi ba, ko abin feshin ma ba shi da shi. Na yarda da shi, fuskarsa ba ta mai ƙarya ba ce. Na ce a ce masa ya nuna mini irin da yake shukawa. Ya shiga bukka ya fito da 'yar jaka. Yana buɗewa na ga ƙwayar masara ja jawur, irin wadda ake sayarwa a kasuwar Gwarzo da magani a jikinta, wadda muke ɓoyewa nesa da kaji. Duk mako biyu yake sabuwar shuka don ya samu ɗanyen ganye, kuma duk daga jakar nan.

Madam ta kama kai da hannu biyu. Ɗan Inna ya fassara mini abin da ta ce: wasu magungunan irin sukan bi ta saiwa su shiga jikin ganyen tun shuka tana ƙarama, wanki ba ya fitar da su. Ba lalle su kashe tsutsa nan take ba, amma suna iya raunana ta har cikin jini. Ta ce su feshi kawai suka yi ta tambaya, ba wanda ya ce a nuna masa iri. Amma ta ƙara da cewa wannan zato ne tukuna, sai an gwada. Dattijon ya damu ƙwarai, yana ta ba da haƙuri. Iro ya dafa kafaɗarsa ya ce masa da Hausa, "Baba, noma ka yi mai kyau, su ne suke son marar kyau." Ko bai ji ba, ya yi dariya.

Da yamma aka samo masarar gargajiya wadda ba a taɓa da komai ba, aka jera bokitai a bayan ɗakin gwaji. Ni na zuba irin, Iro yana bin masu digiri yana gyara musu zurfin rami. Sai an yi mako biyu zuwa uku kafin a samu ganye, a kuma tashi sabbin tsutsotsi a kansa. Mu kuwa ba za mu iya jira ba, shanun mutane suna hannun Iro.

Ranar Juma'a Iro da Ɗan Inna suka je masallacin Zango, Iro ya dawo yana murna ya samu masu jin Hausa, har ya yi cinikin saniyar da bai gani ba. Asabar Maman Rozin ta ja ni bakin teku. Na tsaya nesa, don ruwan da ba a hango ƙarshensa ban ga dalilin matsa masa ba. Kafin mu taho na koya mata kaɗa miyar kuka, na bar mata sauran kayan Inna, na nuna mata cikin yaron na nuna tukunya. Ta gane. Ranar tafiya ta yi kuka sosai, wannan karon ni ma na rungume ta.

Ya rako mu har Seme, jakata a kansa. A inda ba a barin mai rakiya ya wuce, nan ya sauke ta, ya durƙusa.

"Adda, a gaida Inna. A ce mata ina cin abinci."

"Za ta ji. A riƙa aski."

Iyakar abin da na iya ce masa ke nan. Sai da muka shiga mota na lura na ƙulle bakin hijabina a hannu har ya yamutse, ya jiƙe.

Dawowa ba wani abin labari, sai dai mun karɓi rigar Iro a Agege, da katin allurar a aljihu ya zama dusa. Inna ta sa na ba ta labarin sau uku. Wajen jan irin nan ta fi so, kullum in na zo nan sai ta ce, "Yo ai ko ni da na gani da na faɗa musu."

Sati biyar bayan nan, wata Talata da la'asar, ina tsakar gida ina tankaɗe, waya ta yi ƙara. Shi ne. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Adda, sun rayu. Na ruwan gishirin duka sun rayu, har sun fara rikiɗa za su zama ƙwari masu fiffike. Na cutar kuma ƙwayoyin suna taruwa yadda ya kamata, tun safe nake ƙirga dunƙule. Madam ta ce za ta rubuta a ƙara mini lokaci. Ta ce ma abin da ganyen can ya yi wa jininsu, shi kansa babi guda ne."

Dariya yake yi tsakanin maganar. Na ce alhamdu lillahi, sai a kira Inna a faɗa mata.

"Na kira ta. Adda, akwai shafin godiya a farkon littafin da zan rubuta. Yaya kike so a sa sunanki?"

"Sa na Inna. Ita ta yi wahalarka."

"Na Inna yana nan, shi ne na farko. Naki nake tambaya."

Yara suna tsakar gida, Malam yana alwala a bakin rijiya, duk sun zuba mini ido. Na ajiye rariya, na shiga garken awaki na jawo ƙyaure. A can, cikin awaki, na faɗa masa sunana da na mahaifina, harafi bayan harafi, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya, yana maimaitawa a bayana.